Ranar awa 18: yadda sojojin jirgin ƙarƙashin teku suke raba aiki da barci

Tambaya: Likita, na ji an ce sojojin da ke aiki a jirgin ƙarƙashin teku ranarsu awa 18 ce, ba 24 ba, wai awa 6 aiki, awa 12 hutu. In haka ne, ina wahalar da ake ta faɗa? Ni da nake nas, ina kwana a tsaye a asibiti, ai na fi su jigata.

Amsa: Malama, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Abin da kika ji gaskiya ne, sai dai rabin labari aka ba ki. Rundunar sojan ruwan Amurka ce ta ɗora jiragenta na ƙarƙashin teku a kan ranar awa 18, tun daga shekarun 1960 har zuwa 2014 da ta bar tsarin. Ba duk ƙasashe ne suka bi ta ba. Na Birtaniya daban ne, kuma ta wani fannin ya fi tsanani. Awa 12 ɗin da aka ce miki hutu ne, kaso mai yawa daga cikinsu aiki ne aka sauya masa suna. Amma ko da a ce duka barci ne, da matsalar tana nan daram, domin abin da ya fi karya waɗannan mutane shi ne lokacin barcinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kullum sai ya matsa.

Jirgin da ke aiki da dizal da batir, irin na Yaƙin Duniya na Biyu, tilas ne ya riƙa tasowa ya shaƙi iska ya yi cajin batir. Daga 1955, da jirgin Nautilus na Amurka ya fara tafiya da makamashin nukiliya, wannan tilas ta kau. Tukunyar nukiliya, wato na'urar da ke samar wa jirgin wannan makamashi, ba ta neman iska. Ruwan sha ana tace shi daga na teku, iskar oksijin kuma ana ciro ta daga cikin ruwan da wutar lantarki. A 1960 jirgin Triton ya zagaye duniya a nutse cikin kwana 60 da ɗoriya. Tun daga nan, abin da ke mayar da jirgi gida galibi biyu ne: ko abinci ya ƙare, ko mutane sun yi laushi.

Jirgin kuma ba ya tsayawa ya kwana. Akwai kujerun da ba a barin su ba kowa ko na minti ɗaya: masu riƙe da akalar jirgin da zurfinsa, masu lura da tukunyar nukiliya da injuna, mai zagayawa yana duba famfuna da bawul-bawul yana rubuta abin da kowane ma'auni ya nuna, da masu sauraren teku da na'urar sona, tunda jirgin ba shi da taga, da kunne yake gani. Jirgin farauta, wato mai farautar jiragen abokan gaba, irin ajin (samfurin) Los Angeles ko Virginia yana ɗaukar mutum 130 da wani abu, babban jirgi ajin Ohio mai ɗauke da makamai masu linzami kuma kimanin 155. Ba a iya cewa a ƙaro mutum hamsin don a samu sauƙi, domin kowane ƙarin mutum ɗaya gado ne, abincin wata uku ne, iska ce, kuma babu wurin. Don haka aka raba ma'aikatan rukuni uku, suna karɓar abin da ku a asibiti kuke kira juti.

Ki ɗauki soja ɗaya ki bi shi. Ya karɓi juti ƙarfe 12 na dare, wayewar Litinin, ya sauka 6 na safe. Bayan awa 12, ƙarfe 6 na yammacin Litinin ɗin, ya sake karɓa, ya sauka 12 na dare. Ranar Talata jutinsa ya faɗo daga 12 na rana zuwa 6 na yamma. Ranar Laraba daga 6 na safe zuwa 12 na rana. Tsakar daren Laraba ya koma inda ya faro. Cikin kwana uku ya yi juti huɗu, ya kwanta sau huɗu, kuma babu kwanciya biyu da suka faɗo lokaci ɗaya. Yau barcinsa da hantsi, gobe da asuba, jibi da la'asar. Haka zai yi ta juyawa wata biyu, wata uku, wani lokaci har wata shida in an cire 'yan kwanakin da aka tsaya a wata tasha.

A nan ne fannina ya shigo. A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Shi ne agogon jiki. Shi ke sa zafin jiki ya sauka gab da asuba, shi ke ba da umarnin sakin melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci, da dare, shi ke tsara lokacin yunwa da lokacin da hankali ya fi kaifi. Binciken da Charles Czeisler da abokan aikinsa suka wallafa daga Jami'ar Harvard a 1999 ya nuna cewa wannan agogo, in an bar shi da kansa, zagayensa awa 24 ne da kimanin minti 11. Hasken rana ne ke gyara masa saiti kowace safiya. Yana iya matsawa gaba ko baya, amma a hankali, kamar awa ɗaya zuwa biyu a rana. Tsakanin Kano da Makka tazarar lokaci awa 2 ce kawai, amma alhaji yakan yi kwana ɗaya ko biyu kafin barcinsa da yunwarsa su daidaita. To sojan nan ninkin wannan sau uku ake nema daga gare shi, awa 6, kuma kowace rana, ba tare da an taɓa ba shi kwanakin daidaitawa ba.

Jiki ba ya bin wannan umarni. Masana barci sun san haka tun da daɗewa, har ma da shi suke aiki: in suna so su raba mutum da agogon jikinsa a ɗakin gwaji, sai su ɗora shi a kan ranar awa 20 ko awa 28 da gangan, don sun tabbata jikin ba zai iya bi ba. Tun a 1938 Nathaniel Kleitman ya shiga kogon Mammoth a jihar Kentucky tare da ɗalibinsa, suka yi kwana 32 suna gwada ranar awa 28. Ɗalibin, da yake matashi ne, ya ɗan saba, shi kuwa jikinsa ya ƙi. Da aka zo aka auna melatonin na ma'aikatan wani jirgin Amurka da ke kan tsarin awa 18, a binciken da aka buga a 1999, sai aka tarar agogon jikinsu yana nan kan awa 24 da 'yan mintuna, ko a jikinsa. Jadawalin jirgi yana tafiya ta nan, jiki yana tafiya ta can. Ma'anar wannan a aikace ita ce, a cikin kwanciya huɗun nan, ɗaya ce za ta dace da daren jikinsa ya yi barci mai daɗi. Wata za ta faɗo lokacin da jikin ke ganin rana tsaka ce, ya kwanta a gajiye liƙis amma ido ya bushe, yana ta juyi yana lissafin sauran awoyin da suka rage masa. Sannan juti ɗaya cikin huɗu zai faɗo daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi kowane lokaci mutuwa, ko da agogon bango yana nuna ƙarfe 2 na rana.

Ɗakin kwana kullum a cikin duhu yake, domin ko yaushe akwai mai barci. Kimanin awa guda kafin canji, ɗan aike yakan shigo da tocila mai jan haske da takarda a hannu, yana bin gadaje. Zai tsaya a bakin labule, ya kira suna ƙasa-ƙasa don kada ya tashi na sama da na ƙasa, ya faɗi lokaci, kuma ba zai wuce ba sai ya ji an amsa masa da muryar wanda ya farka da gaske. Wanda aka tasa zai sulalo ta gefe, tunda gadon hawa uku ne kuma ba a iya zama a miƙe a cikinsa, ya lalubi takalminsa, ya nufi ɗakin cin abinci. Abin da zai tarar ba shi da alaƙa da cewa yanzu ya tashi. Ana girki ne duk bayan awa 6 bisa agogon jirgi, don haka mai yiwuwa da nama da dankali na abincin dare zai karya. Da yawansu da abinci suke gane lokaci: in sun ga ƙwai, to safiya ce. Daga nan ya zagaya sashensa ya duba komai da idonsa, ya tsaya da wanda zai canza ya ji abin da ya faru da abin da ake jira, sannan ya karɓa. Wannan duka daga cikin awa 12 na hutun aka ciro shi.

Wanda ya sauka kuma ba gado ya nufa ba. Zai ci abinci, sannan a yi shara da goge-goge na bayan juti. Sai gyare-gyare, domin jirgin cike yake da injunan da kowanne yana da ranar dubawa da ranar canza masa kaya, kuma ba a yin wannan a kan juti, sai bayan an sauka. Sai darasin sashe, sai jarrabawa, musamman ga masu kula da tukunyar nukiliya, waɗanda karatu da gwaji ba sa ƙare musu har su bar aiki. Sabon shiga kuwa nasa ya fi na kowa. Kafin a maƙala masa bajon kifin dolfin a ƙirji, alamar ya zama cikakken ɗan jirgi, dole ya san kowane sashe: inda bututun iska ya bi, inda na mai ya bi, wane bawul ake rufewa in ruwa ya ɓalle a ɗaki kaza, ko da shi kuku ne. Yana yawo da kati yana neman tsofaffin hannu su yi masa tambayoyi su sa masa hannu, kuma abin yakan ɗauki watanni, har zuwa shekara. In ya yi baya a kan jadawalin da aka ɗiba masa, sai a ƙara masa awoyin karatu na dole. Ba daga jutinsa ake cirewa ba, daga barcinsa ne.

Sai atisaye. Wuta da ɓallewar ruwa su ne manyan abokan gabar jirgin ƙarƙashin teku, kuma ba a kiran 'yan kwana-kwana daga waje, don haka ana yawan gwajin kashe gobara, da gwajin tsayawar tukunya, da gwajin shirin yaƙi. In ƙararrawa ta kaɗa kowa sai ya tashi, ya sa abin rufe fuska ya jona shi da bututun iska, ya ruga inda aka ajiye shi. A ganina nan ne tsarin awa 18 ya fi yin zalunci, kuma ba a cika faɗa ba. Kwamandan jirgi da mataimakinsa da wasu 'yan tsiraru ba sa cikin wannan juyi, su a kan ranar awa 24 suke. Su ne kuma ke sa lokacin atisaye da babbar shara ta mako, kuma a bisa al'ada da rana suke sawa, ranar agogonsu. Jirgi ɗaya, agogo biyu. Duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa da hantsi, akwai kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata da wannan hantsin ne tsakar darensu. In aka tattara, mutum yakan tsira da barcin awa huɗu zuwa shida, wani lokaci a gutsure.

Wannan ma in rukuni uku sun cika ke nan. In wata kujera masu takardar izinin zama a kanta biyu ne kawai a jirgin, saboda ɗaya ya yi rashin lafiya ko sabon bai gama koyo ba, sai su biyun su koma awa 6 aiki, awa 6 sauka, har sai an samu na uku. Shi ya sa tsofaffin hannu suke matsa wa sabon shiga lamba. Ba ƙiyayya ba ce. Ranar da ya samu izini, ranar ce wani zai fara samun barci.

Ko gadon ma ba kowa ke da nasa ba. A jiragen farauta sau da yawa mutane sun fi gadaje yawa, sai a haɗa ƙananan sojoji uku a kan gado biyu, wanda ya sauka ya shiga inda wanda ya karɓa ya fito, katifa da sauran ɗuminta. Wasu ana shimfiɗa musu a ɗakin makamai, kusa da tofido, makamin da ake harbawa ta cikin ruwa. Duk abin da mutum ya mallaka yana ƙarƙashin katifarsa, a wani faffaɗan akwati mara zurfi. Iskar da ake shaƙa an tace ta, amma iskar kabon da mutane ke fitarwa ta fi ta waje yawa nesa ba kusa ba, kuma sinadarin da ake tsotse ta da shi yana da wani wari da ke kama tufafi da gashi. Ganye da 'ya'yan itatuwa sukan ƙare cikin mako biyu, a koma na gwangwani da na daskare. Babu rana, don haka sinadarin bitamin D yana raguwa a jiki. Hasken fitilun jirgin kuma ya isa ya hana mutum barci, amma bai kai ƙarfin da zai saita agogon jiki yadda rana ke yi ba.

Me ya sa gwamnati za ta damu da barcin soja, alhali wahala ai da ma ita ya sa hannu ya ɗauka? Saboda barci ɓarawo ne, kuma ba ya tambayar muƙami. Binciken da Drew Dawson da Kathryn Reid suka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa sukan koma kamar na wanda giya ta kai ma'aunin 0.05 a jininsa, wanda a ƙasashe da yawa nan ne iyakar da doka ta hana tuƙi. In ya kai awa 24, kamar 0.10 ne. Akwai kuma gyangyaɗin daƙiƙa biyu zuwa biyar da mutum ke yi idonsa a buɗe, shi kansa bai san ya yi ba. Ki ƙaddara mai sauraren sona ne, jirgin yana shirin tasowa ya leƙa saman ruwa, kuma a cikin waɗannan daƙiƙu ne ƙarar farfelar wani jirgin dakon kaya ta bayyana. Abin da ya fi tayar min da hankali a duk binciken rashin barci shi ne, wanda ya daɗe yana tara bashin barci yakan daina jin ya gaji. Ki tambaye shi, zai ce miki ya saba. Ki gwada shi, za ki ga kullum ƙara lalacewa yake yi.

To me ya sa aka riƙe tsarin shekara kusan hamsin? Ba wauta ba ce tsantsa, akwai hujja. Tsohon tsarin jiragen ruwa shi ne awa 4 aiki, awa 8 sauka, sau biyu a rana, wanda ke gutsura barci. Awa 12 a jere ci gaba ne a kan wannan. Sannan tsawon juti yana da nasa haɗarin. Tun a shekarun 1940 Norman Mackworth ya yi wa rundunar sojan saman Birtaniya gwaji a kan masu kallon na'urar rada, ya gano cewa mutumin da aka sa ya zuba wa abu ɗaya ido yana jiran alamar da ba ta cika zuwa ba, hankalinsa yakan fara zamewa tun cikin rabin awar farko. Don haka hafsoshin da suka ce awa 8 a gaban allo ta yi yawa ba ƙarya suka yi ba. Sauran dalilin kuwa al'ada ce: mu ma haka muka sha, kuma ga mu.

Cibiyar binciken lafiyar ma'aikatan jiragen ƙarƙashin teku da ke Groton a jihar Connecticut ta daɗe tana tara shaida a kan illar tsarin. An gwada ranar awa 24 a wasu jirage, ciki har da Scranton, kuma a 2014, zamanin da Michael Connor ke shugabantar rundunar jiragen, aka koma kanta. Mafi yawan jiragen suka ɗauki awa 8 aiki, awa 16 sauka. Ki lura da lissafin: 6 cikin 18 kashi ɗaya ne cikin uku, 8 cikin 24 ma kashi ɗaya ne cikin uku. Ba a rage wa kowa ko minti ɗaya na juti ba, awa 56 ce a mako da can, ita ce yanzu. Ba a ƙara mutum ko ɗaya ba. Abin da aka yi kawai shi ne aka tsayar wa kowa lokacin barcinsa a wuri ɗaya. Matsalar tsawon juti kuma aka rage ta da ba da ɗan hutu a tsakiya da juya mutane tsakanin kujeru. Gyaran da bai ci ko sisi ba, kuma ilimin da ya nuna shi yana nan tun kafin a haifi yawancin sojojin da suka sha wahalar. Ina ganin an makara ƙwarai.

A nan akwai wani abu da ya shafe ki kai tsaye. Ke in an ɗora ki a kan aikin dare, jikinki ba zai taɓa sabawa gaba ɗaya ba, domin kina fitowa daga asibiti rana za ta buge ki a ido ta gaya wa agogon jikinki gari ya waye, ga yara, ga kasuwa, ga ranar hutu da za ki koma barcin dare kamar kowa. Shi kuwa wanda ke ƙarƙashin teku babu ranar da za ta ƙaryata shi. In aka bar shi a kan juti ɗaya, aka ba shi haske mai ƙarfi lokacin aikinsa da duhu lokacin barcinsa, cikin mako guda ko biyu ƙarfe 12 na dare sai ta zama safiyarsa ta gaskiya. Ta wannan fuska, sojan da ke kan sabon tsari ya fi ki sauƙi, kuma kina da gaskiya. Wanda ke kan tsohon tsari kuwa, abin da kike ji a daren farko na juti shi yake ji kusan kullum har jirgi ya dawo. Sharaɗin sabon tsarin ɗaya ne, kwamanda ya kiyaye lokacin barcin rukunin dare wajen sa atisaye. In bai kiyaye ba, ya mayar da su inda aka fito, har ma ya fi muni, tunda yanzu mutane ɗaya ne kullum ake tasa.

Jiragen yaƙin Amurka masu tafiya a saman ruwa ba su bi sahu ba sai da aka yi asarar rayuka. A 2017 jirgin Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya kusa da Japan, sojoji 7 suka mutu, bayan wata biyu kuma John S. McCain ya yi nasa kusa da Singafo, 10 suka mutu. Binciken da aka yi ya ambaci gajiya a cikin dalilai, sannan aka umarci su ma su koma jadawalin da ya dace da agogon jiki. Duk da haka, rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka na 2021 ya gano cewa kashi 14 cikin 100 ne kawai na hafsoshin jiragen saman ruwa da aka tambaya suke samun barcin awa 7 ko fiye. Jadawali mai kyau ba ya haifar da ma'aikacin da babu shi. In aikin mutum goma aka ba mutum takwas, daga barci za a biya bambancin, ko yaya aka zana takardar.

Haka kuma ba a teku kaɗai wahalar take ba. Jiragen da ke ɗauke da makaman nukiliya suna da ma'aikata kashi biyu masu karɓa-karɓa, Amurka tana kiran nata Shuɗi da Zinariya, Faransa Shuɗi da Ja, don jirgi ya koma sintiri yayin da kashi ɗaya ke gida. Sintirin yakan ɗauki kamar kwana 70 zuwa 80. Jiragen farauta na Amurka ba su da wannan gata, ma'aikata ɗaya ne. Kuma ko a tasha, duk bayan kwana uku ko huɗu mutum zai kwana a jirgi yana juti, washegari ya zarce aikin yini. Masu kula da tukunya su ne farkon shiga kafin a tashi, don su kunna ta, su ne kuma ƙarshen fita bayan an dawo.

Yanzu Birtaniya. Su rukuni biyu suke yi, awa 6 aiki, awa 6 sauka, ba Asabar ba Lahadi. Alherinsa ɗaya, yana zaune daidai cikin awa 24, don haka lokacin barci ba ya yawo. Amma awa 12 ce a rana a bakin aiki, 84 a mako, kafin a zo maganar gyara da karatu da atisaye. Kuma tunda a cikin awa 6 ɗin ne za a ci abinci, a yi wanka, a miƙa aiki, a karɓa, da wuya mutum ya haɗa barcin awa biyar a jere. Nau'in barcin da ake mafarki a cikinsa, wanda ke da hannu wajen daidaita tunani da zuciya, ya fi yawa ne a ƙarshen dogon barci, kuma wannan ƙarshen ne kullum ake yankewa.

Mutum lafiyayye zai iya ɗaukar wannan na wata biyu ko uku. Abin da ke damuna shi ne tsawon da sintirin ya koma yi. Tun Afrilun 1969 kullum Birtaniya tana da aƙalla jirgi ɗaya mai makaman nukiliya yana sintiri a cikin teku, dare da rana. Jirage huɗu ne ke ɗauke da wannan nauyi, ajin Vanguard, daga sansanin Faslane a Sikotland, kuma na farkonsu ya fara aiki tun 1993. Sun tsufa, gyaransu yana cin lokaci, shi kansa jirgin Vanguard ya yi kimanin shekara bakwai a tashar gyara ta Devonport. In wanda zai karɓe ka bai shirya ba, ba ka dawowa. Sintirin da a da yake kamar wata uku ya kai wata biyar, ya kai shida, har a Maris na 2025 wani jirgi ya dawo bayan kwana 204. A duk tsawon wannan lokaci jirgin ba ya aika saƙo, don kada a gane inda yake. Kowane soja yana karɓar gajeren saƙo daga iyalinsa, kalmomi 120 a mako, ba ya iya mayar da amsa, kuma ana tace saƙon kafin ya iso gare shi. In rasuwa aka yi masa, ana iya riƙe labarin har jirgi ya kusa gida, tunda ba yadda za a yi a fitar da shi.

Tsarin awa 6 da 6 an gina shi ne a kan zaton akwai ranar dawowa da aka sani, mutum ya daure ya kai ta. In aka ninka kwanakin, aka kuma riƙa ɗaga ranar ana cikin tafiya, an canza yarjejeniyar ba tare da an tambayi wanda ke ɗauke da ita ba, kuma irin wannan ne ke sa gwanaye su ajiye aiki da zarar wa'adinsu ya cika. Ostareliya ta ga haka a 2008, lokacin da take da jirage shida ajin Collins amma ma'aikatan da za su iya fitar da uku kawai gare ta, kuma cikin matakan da ta ɗauka har da ƙara yawan mutane a kowane jirgi don a rage wa kowa nauyi. Duk gwani ɗaya da ya tafi, sai an yi shekaru kafin a horar da madadinsa, kuma kafin nan waɗanda suka rage su ne za su cike gurbinsa da barcinsu. Sababbin jiragen Birtaniya, ajin Dreadnought, ba a sa ran na farkonsu zai fara aiki ba sai farkon shekarun 2030. Kafin lokacin, tsofaffin jirage huɗun nan ne za su ci gaba da fita, da waɗannan mutanen a cikinsu.